Bunduƙiyya da Ƙofar Mata: Tarihin Wata Tsohuwar Hanya

A cikin watan Janairu na shekarar 1851 wani ayarin gishiri na Abzinawa ya yi zango a Gazawa, a kan hanyarsa daga Tasawa zuwa Katsina. Cikin ayarin akwai wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa Abdulkarim, yana tafiya da kuɗin gwamnatin Ingila. Abokin tafiyarsa Adolf Overweg ya rabu da shi a Tasawa ya nufi yamma, wajen Maraɗi da Tsibiri, inda Katsinawa da Gobirawan da jihadi ya tarwatsa suka kafa sababbin gidajen sarauta. Shi kuwa Barth ya ratsa dajin da ya raba Gazawa da Katsina, wanda ba a shigarsa sai da taro saboda gabar da ke tsakanin sassan biyu, ya wuce kufan Ɗankama, ya isa Kano ranar 2 ga watan Fabrairu.

Da ya shiga kasuwar Kurmi sai ya yi abin da ƴan kasuwa ba su cika so ba, wato ya riƙa tambayar asalin kowace haja yana rubutawa. Ya tarar da akoko daga Manchester, da sukari da siliki daga Faransa, da ruwan takubba daga Solingen, da allurai da madubai daga Nuremberg, da asake daga ƙasar Ostiriya. Ya kuma lissafa abubuwa biyu da suka fito daga yanki ɗaya na arewacin Italiya: duwatsun ado na gilashi daga Benis da Trieste, da takarda mai tambarin jinjirin wata uku.

Benis ɗin nan, wadda Faransawa ke rubutawa Venise, masu garin kuma Venezia, ita ce birnin da ɗalibai ke gani a littattafan karatu, mai gidaje tsaye cikin ruwa da dogayen kwalekwale baƙaƙe maimakon motoci. Malamin makaranta a Gidan Sori ko Agye yakan nuna hoton ya wuce, kamar wata duniya ce da ba ta da haɗi da mutanen da ke gabansa. Wanda Allah ya hore masa kuwa, ko wata ƙungiya ta aike shi taro Turai, yakan yi burin ware kwana biyu ya je ya ga ruwan, ya kuma leƙa tsibirin Murano inda ake busa gilashi. Dukansu biyu sun rasa wani abu: tanderun Murano da marinar Ƙofar Mata bakuna biyu ne na hanyar fatauci guda, kuma abin da ya sami ɗaya ya sami ɗayan, kusan a lokaci ɗaya.

Harshe ma ya ajiye shaida. Sunan Benis da Larabci shi ne al-Bunduƙiyya, kuma da wannan kalma Larabawa ke kiran makamin da Hausawa suka aro suka ce bindiga. Masana ba su haɗu a kan dalilin haka ba. Wasu sun ce daga sunan birnin ne, wasu sun ce daga bunduƙ ne, wani ɗan itace mai kama da harsashi. Ko wanne ne gaskiya, Bahaushe yana furta sunan da ya yi daidai da na birnin ba tare da ya sani ba. Takarda kuma ta shigo Hausa ta bakin Abzinawa, asalinta kalmar Latin ce wadda ta haifi carte a Faransanci. Dalar da ake ƙirga kuɗi da ita a kasuwannin Nijar dangin sunan tsohuwar azurfar Mariya Tereza ce, mai ɗauke da shekarar 1780, wadda aka buga wasu daga cikinta a Benis lokacin da birnin yake hannun Ostiriya.

Benis gari ne da gudun hijira ya haifa. A ƙarni na 5 da na 6, sa'ad da daular Rum ta yamma ke wargajewa, mutanen garuruwan gaɓar teku suka tsere wa mahara suka shiga wani faffaɗan tafki mai haɗe da teku, suka zauna a kan tsibiran laka. Kafin gini ya tsaya sai da suka kakkafa dubban turakun itace cikin taɓo, suka ɗora dutse a kai. Daga nan birni ya bunƙasa a kan tsibirai 118 da gadoji fiye da 400 suka haɗa, ya zama jamhuriyar attajirai mai zaɓen shugabanta, jiragenta suna kai da kawo tsakanin Iskandariyya da Sham da Istambul. Bamaraɗe ba zai rasa gane wannan labari ba, tun da Katsinawan Ɗan Kasawa ma duhuwar kwarin Gulbi suka fake da ita wajen 1819. Sai dai da ambaliyar 1945 ta cinye tsohon gari, Maraɗi ta tattara ta hau tudu. Benis ba ta da tudun hawa.

A shekarar 1291 majalisar birnin ta yi doka cewa a kwashe tanderun gilashi a mai da su Murano, wani tsibiri da ke kusa. Dalilin da aka bayar shi ne tsoron gobara, domin yawancin gidaje na katako ne. Amma tara masu sana'a wuri ɗaya ya sauƙaƙa wa hukuma sa musu ido. An ba su gata mai yawa, har basarake yana iya auren ƴar mai gilashi ba tare da ƴaƴansu sun rasa sarauta ba. An kuma ɗaure su, domin gwani ba shi da izinin barin ƙasa da sirrin aikinsa, wanda ya gudu kuwa ana iya kama danginsa. Duk da haka sirri ya fita. A 1665 Colbert, wazirin Sarki Louis na 14, ya yaudari wasu gwanaye da kuɗi suka je Paris suka koya wa Faransawa yin madubi, kuma madubin fadar Versailles da ake alfahari da su jikokin wannan satar fasaha ne.

Kayan haɗin gilashin ba za su baƙunci marini ba. Ana niƙa farin tsakuwar kogi, a gauraya da tokar wasu ciyayi da ake kawowa daga Sham da Masar, a narkar da su a wuta. Don yin ƙananan duwatsu, gwani yakan ɗebo narkakken gilashi ya huda shi a tsakiya, sai ma'aikata biyu su kama bakunan su ja, kowa ya nufi gefensa da gudu, har dunƙulen ya miƙe ya zama siririn kara mai rami, tsawonsa mita gomomi. A yayyanka karan, a juya gutsattsarin cikin toka da yashi a kan wuta har kaifinsu ya mutu, a goge, a tace da rariya gwargwadon girma. Daga nan aiki ya koma hannun mata. A lungunan Benis matan talakawa sukan zauna ƙofar gida da akushin katako a cinya da tarin dogayen allurai a hannu kamar mafici, suna zura duwatsu a zare, ana biyansu bisa yawan damin da suka haɗa. Wani dutse mai ɓawo bisa ɓawo, shuɗi da fari da ja, wanda bakinsa ke fitar da tauraro, ana danganta ƙirƙirarsa ga wata mata mai suna Marietta Barovier, a ƙarshen ƙarni na 15. A daidai wannan zamani ne Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi.

Kada a ɗauka baƙar fata bai san gilashi ba sai da Benis ta kawo masa. Masu tonon tarihi sun samo wuraren narka gilashi a Ife waɗanda suka girmi wannan ciniki, kuma Masagan Bida a ƙasar Nufe suna ƙera ƙarau da duwatsu har yau. Abin da Benis ta fi kowa shi ne yawa da araha da sanin ran mai saye. Dillalai sukan aiko da labarin launin da ake so a wace ƙasa, domin dutsen da ake rububi a Borno yana iya kwantai a Katsina, kuma ɗan kasuwar da ya ɗauko launin bara ya yi asara. Masu tunanin cewa an yaudari mutanen Afirka da tarkacen banza ba su san wahalar da Turawa suka sha wajen bin zaɓin matan Sudan ba.

Daga Benis ko Trieste kaya sukan bi jirgin ruwa zuwa Tarabulus. A can attajiran Gadamas ke karɓa, su ɗora wa raƙuma, su bi ta Gat zuwa Azbin, su gangaro Damargu, daga nan wasu su bi ta Damagaram wasu ta Tasawa da Gazawa, har Katsina da Kano. Tafiyar watanni ce, kowane zango da kuɗin fito da ake biya. Gadamasawa suna da wakilai zaunannu a Kano, a unguwar da ake kira Dandalin Turawa, domin a wancan zamani Larabawan arewa ake nufi da Turawa, tun kafin kalmar ta koma kan Nasara. Tare da duwatsun ake kawo mulufi da murjani da alharini, wato ragowar siliki da ake rinawa ja, wanda masaƙa ke saƙa barage da shi, maɗinka kuma su yi wa riguna aiki.

Takardar ta fi duwatsun nauyi a tarihi, ko da yake ta fi su sauƙi a kan raƙumi. Masana'antun yankin da ke bayan Benis sun daɗe suna yin takarda musamman don kasuwannin Musulmi, suna sa mata tambarin jinjirin wata uku da ba a gani sai an ɗaga ta a haske. Gidan Galvani na garin Pordenone ya fi kowa suna a wannan ciniki a ƙarni na 19. Masu nazarin tsofaffin littattafai sun tarar da cewa kaso mai yawa na rubuce-rubucen daular Sakkwato da Borno, da Alƙur'anai da wasiƙun sarakuna da waƙoƙin ajami, a kan wannan takarda aka rubuta su. Malamin da ke Sakkwato da wanda ke Tsibiri suna iya saɓawa a kan wanda ya cancanci mulkin ƙasar Hausa, amma dillali ɗaya ke sayar musu da abin rubutu.

Da me aka biya? Da hauren giwa, da gashin jimina wanda kasuwarsa ta yi tashin gwauron zabo a shekarun 1870, da jemammiyar fata, da kuma mutane. Barth ya ƙiyasta bayin da ake fitarwa daga Kano a shekara da kusan 5,000. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne ga ɗalibai. Cikin waɗanda aka kora suka ƙetare Sahara da ƙafa akwai mutanen ƙauyukan da ke tsakanin Maraɗi da Katsina, waɗanda harin ɓangarorin biyu ya riƙa ci shekara da shekaru. Dutsen da ke wuyan amarya a birni, wani lokaci kuɗin ƴar wani ne.

Abin da ya fi ba Barth mamaki a Kano bai zo daga Turai ba. Ya lura cewa arzikin garin a kan abin da hannun mutanensa ke yi yake tsaye, musamman saƙa da rini. Ya ƙiyasta darajar tufafin da ƙasar Kano ke fitarwa da wuri miliyan 300 a shekara, a lokacin da ake canza dalar azurfa ɗaya da wuri 2,500. Tumbutu kaɗai, in ji shi, tana karɓar kayan raƙuma 300, kuma saboda yaƙe-yaƙen da ke kan hanyar yamma wasu kayan sai sun hau arewa har Gat da Gadamas kafin su juyo. Takalman Kano suna kaiwa Tarabulus. Fatar jar akuya, wadda Sakkwato da Maraɗi suka shahara da ita, majema kan jeme ta da bagaruwa a rina ta da karan dafi, ta isa Turai ta tashoshin arewacin Afirka, can a kira ta fatar Maroko a yi bangon littattafai da ita. Sunan mai akuya da na majemi duk sun ɓace a hanya.

Marina ita ce Murano ta ƙasar Hausa. Ana cewa ta Ƙofar Mata ta kafu tun 1498, amma ƙarfin rini a ƙarni na 19 yana garuruwan karkara irin su Kura, inda ake yin turkuɗi da ɗan Kura mai ƙyalli da Buzaye ke naɗawa. Masanin tarihi Philip Shea, wanda ya yi nazarin wannan sana'a a shekarun 1970, ya nuna cewa abin da ya ba Kanawa galaba shi ne manyan rijiyoyin rini da aka shafe da laso, wani siminti da ake haɗawa da katsi, wato ƙonannen dagwalon tsohon baba. Rijiya mai zurfi tana ɗaukar tufa mai yawa da kuɗi kaɗan fiye da tukunya. Ana zuba ruwa da toka da baba da katsi, a bar su su ruɓa kwana da kwanaki ana motsawa, har kumfa ta nuna cewa baba ya nuna. Tufa takan fito kore-kore, sai iska ta buge ta ta rikiɗe shuɗiya a gaban mai kallo, a sake tsomawa sau da yawa gwargwadon duhun da ake so. Bayan nan mabuga su shimfiɗa ta a kan gungume su yi ta dukanta da garin shuni har ta yi sheƙi kamar ƙarfe. Manomin baba da mai kaɗi da masaƙi da marini da mabugi da dillali da madugu, kowa yana ci daga tufa ɗaya.

Faɗuwar ta zo daki-daki. Napoleon ya rushe jamhuriyar Benis a 1797, ƙungiyoyin masu sana'a suka watse bayan ƴan shekaru, gilashin alfarma ya durƙushe. Abin lura shi ne duwatsun da ake kai wa Afirka da Indiya da Amurka su ne suka riƙe Murano a waɗannan shekaru na wahala. A 1898 masana'antun duwatsu suka haɗe suka zama kamfani ɗaya, Società Veneziana Conterie, domin tinkarar gasar Bohemiya. Shekara ɗaya kafin haka, a 1897, kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a ma'aikata, wanda ba ya bukatar gona ko ruɓawa. Faransawa suka shiga Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano a 1903, aka shata iyaka tsakanin Maraɗi da Katsina. Duk da haka ayarin Tarabulus bai mutu nan da nan ba, ya ci gaba da kawo akoko yana komawa da fatu waɗanda yawancinsu Amurka ake kai wa. Shekarar 1911 ce ta yanke igiyar: a cikinta layin dogo ya iso Kano, a cikinta kuma Italiya ta mamaye Tarabulus. Kayan da ke cin watanni a kan raƙumi suka koma cin makonni ta teku da jirgin ƙasa. Garuruwan zango suka koma bayan gida, gyaɗa ta karɓe kasuwa, kuma Alhazan Maraɗi da Emmanuel Grégoire ya rubuta tarihinsu a 1986 daga gyaɗa da cinikin iyaka suka taso. Kamfanin duwatsun Murano ya daɗe yana jan ƙafa, roba da kayan Asiya suna cin kasuwarsa, har ya rufe a farkon shekarun 1990.

To, me maziyarci zai tarar yau? A Murano jirgin haya na ruwa zai sauke shi bayan tafiyar minti goma ko ƴan kai daga gefen arewa na birnin. Tun a bakin gaɓa masu kiran baƙi za su ja shi zuwa wani tanderu, a zaunar da shi a benci tare da wasu, gwani ya ɗebo gilashi ya fitar da ɗan doki cikin minti biyu, a tafa, a buɗe ƙofar kanti. Gwanintar gaskiya ce, amma wasa ne aka shirya. Kantuna da yawa a birnin cike suke da gilashin da aka yi a wasu ƙasashe, shi ya sa a 1994 hukumar yankin ta kafa tambarin Vetro Artistico Murano don a bambance na gida. Da farashin iskar gas ya hau a 2021 da 2022, tanderu da dama sun kashe wuta na wani lokaci, alhali tanderun gilashi ba a saba barin sa ya huce ba. Hukumar UNESCO ta sa birnin cikin kayan tarihin duniya a 1987, ta kuma karrama sana'ar duwatsun gilashi a 2020, amma takardar yabo ba ta haifar da almajiri.

Birnin kansa ya biya kuɗin shahararsa. A 1951 mazauna tsohon gari sun kusa 175,000. A 2022 sun gaza 50,000, alhali ana ƙiyasta baƙi da miliyan 20 ko fiye a shekara. Gidajen haya sun koma masaukin baƙi, mai burodi ya ba mai sayar da tsaraba wuri. Ruwa kuma bai daina barazana ba: ranar 4 ga Nuwamba 1966 ya hau santimita 194 bisa ma'auninsa, ranar 12 ga Nuwamba 2019 ya kai 187. Tun Oktoban 2020 ake ɗaga wasu manyan ƙofofin ƙarfe a mashigan teku idan igiya ta yi ƙarfi. A 2021 aka hana manyan jiragen yawon shaƙatawa ratsa tsakiyar gari, kuma ranar 25 ga Afrilu 2024 aka fara karɓar yuro 5, kusan jika uku da dala hamsin da shida, daga mai shiga ya fita a yini ɗaya cikin wasu ranakun cunkoso. Mai shirin zuwa ya san cewa hutun makarantu na damina ya dace da lokacin zafi da turmutsutsu a can, watannin Oktoba zuwa Janairu kuma su ne na hawan ruwa. Idan kwanakinsa kaɗan ne, gidan tarihin gilashi na Murano, wanda aka kafa a 1861, ya fi masa wasan ɗan doki amfani, domin a can ne zai ga jerin samfurin duwatsun da ake aika wa dillalai, ya gane wasu da ya taɓa gani a adakar kakarsa. Mai son ganin aiki ba shiri kuma ya tsaya a gaɓar da ke fuskantar San Trovaso, inda masassaƙa ke gyaran kwalekwalen nan mai tsawon mita 11 da ake haɗawa da itace iri takwas.

Ba a rasa ɗaci a cikin wannan shiri. Tsohuwar hanyar Agadas zuwa Libiya ba ta mutu ba, haja ce ta sake. Samarin Afirka ta Yamma da ke bin ta zuwa Italiya ba hutu ke kai su ba, kuma malamin da ya bi layin neman biza ya san cewa dutsen gilashi ya fi shi sauƙin ƙetare teku shekara 170 da suka wuce.

A Ƙofar Mata hoton bai bambanta sosai ba. Rijiyoyi fiye da ɗari ne a filin, kaɗan ne ke da baba, sauran sun bushe ko shara ta cike su. Dattawan da suka rage sun iya karɓar baƙo: a tsoma ƙyalle, a ɗaga, a nuna masa yadda kore ke komawa shuɗi, a kai shi rumfar mabuga, a baje masa zannuwan da aka ƙulla da zare aka fitar da zane. Shekarun rashin tsaro sun rage baƙin waje ƙwarai, kuma sana'ar da ta jingina da baƙo takan kwana da yunwa duk ranar da bai zo ba. Amma kuskure ne a fito daga nan a ce rini ya mutu a Kano. Yana nan da ransa a cikin unguwanni, inda samari ke rina shadda da sinadarin kanti a cikin rabin ganga a kan wuta, ana bugawa ana ɗaurewa ana lodi zuwa Maraɗi da Damagaram da Agadas da Chadi. Wurin ba shi da kyan hoto, ruwan da ke fita daga cikinsa yana ɓata kwata da rijiyoyi, hannuwan yaran kuma sinadari yana cinye su. Sai dai can ne magadan marinan da Barth ya gani suke, domin su ne ke rini saboda mai sawa. Ƙungiyar da ta kai ɗalibai Ƙofar Mata ba ta kai su can ba ta nuna musu rabin tarihi.

Haka abin yake a Nijar. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, tun farko ya ware rumfuna inda maƙera da dukawa da masaƙa ke aiki a gaban jama'a. Dabara ce mai kyau, ta kuma ciyar da gidaje da yawa, amma ta saba wa ido da kallon baduku a matsayin abin nuni. Badukun da ke kasuwar Maraɗi yana ɗinka kube da laya da linzami da takalmi saboda manomi da mahayi, shi ba ya cikin jerin wuraren ziyara, ko da yake shi ne ke sayen fatar majemi kowane mako. Ita kuwa jar akuya, wadda aka kafa mata cibiyar kiwo a Maraɗi a farkon shekarun 1960, yawancin fatarta ɗanya ko rabin jima take ƙetara iyaka zuwa Kano, daga can wani kaso ya wuce masana'antun Italiya, ya dawo duniya da sunan wata ƙasa kamar yadda aka yi a zamanin fatar Maroko.

Ga ƙungiyar malamai a Gidan Sori ko Gidan Runji, tafiyar da aljihu zai iya ɗauka tana farawa daga Tsibiri, ta bi majemar Maraɗi da rumfunan dukawa, ta ƙetara ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina, ta ƙare a Kurmi da Ƙofar Mata da Kura. A yanayin tsaron shekarun nan dole a yi ta da rana, a kan babbar hanya, bayan an tambayi halin da iyaka ke ciki, tun da an rufe ta a 2023 kafin a sake buɗewa a 2024. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 zai bi kusan sawun da ayari ya bi. A kowace rumfa tambayoyin da suka fi amfani su ne na dillali: daga ina kayan aiki ke zuwa, wa ke saye, nawa ake samu a kan guda, yara nawa ke koyo. Kuma a sayi wani abu da farashinsa, domin mai sana'a ya bar aikinsa ne ya karɓi baƙi.

Akwai sashen binciken da ba ya bukatar kuɗin mota. A gidajen malamai na Tsibiri da Gazawa da Tasawa da ƙauyukan da ke kewaye akwai gafakokin da ba a buɗe ba tun rasuwar masu su. Idan magada sun yarda, ɗalibi ya wanke hannu ya bushe, ya zaro warƙa ɗaya a hankali ba tare da ya rikita jerin ba, ya ɗaga ta sama ta fuskanci hasken hantsi. A tsakiyar takardar, ƙarƙashin tawadar malam, yana iya ganin jinjirin wata uku a jere, babba da matsakaici da ƙarami, wani lokaci da haruffan A da G a wata warƙar. Ya rubuta sunan littafin, da sunan mai gafaka, da garin, da siffar tambarin, sa'an nan ya mai da warƙar inda ya ɗauko ta.